Guzmaniya ta fara bushewa bayan ta gama fure, ko akwai ceto?

Uwargida, Kaduna

Assalamu alaikum. Don Allah masana shuke-shuken cikin gida, shawara nake nema. Shukar sunanta Guzmaniya, haka aka rubuta a 'yar takardar da ke jikin tukunyar. Ganyenta dogaye ne, kore shar, masu santsi, babu ƙaya a gefensu. Sun fito a kewaye sun bar ƙoƙo a tsakiya, daga cikin ƙoƙon ne wani jan fure mai siffar tauraro ya taso. Da aka sayo ta furen ja wur yake, kuma ya fi wata uku a haka. Yanzu jan ya dusashe, samansa ya koma ruwan ƙasa, bakin ganyayen da ke ƙasa yana bushewa, biyu daga ciki sun yi ruwan ɗorawa. Sabon ganye kuwa ko ɗaya ba ta fitar ba.

Tana falo ne, kamar taku uku daga taga mai kallon yamma, kuma ana kunna esi da rana. Ruwan burtsatse ake zuba mata sau biyu a mako, a ƙasar da kuma cikin ƙoƙon. Da ta fara canzawa an barbaɗa mata takin zamani na 15-15-15, rabin cokalin shayi, amma babu abin da ya sauya. A gindinta akwai wasu ƙananan ganyaye masu tsini guda biyu da suka ɓullo ta tsakanin tsofaffin ganyen, ko ciyawa ce ko nata ne, Allah masani. In cire su? In yanke furen? Ko sauya mata ƙasa zan yi?

Mai Lambu, Zariya

Wa alaikumus salam Hajiya. Waɗannan ƙananan ganyayen kada ki taɓa su, 'ya'yanta ne, kuma su ne abin da za ki tsira da shi.

Guzmaniya daga dangin abarba take, dangin da masana tsirrai ke kira Bromeliyasi. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da Amurka ta Kudu ne da tsibiran Karebiyan, inda take zaune a kan rassan manyan itatuwa ba a ƙasa ba. Kowane gindi sau ɗaya yake fure a rayuwarsa. Dalili kuwa, idon da ke tsakiyar ƙoƙon, wanda yake fitar da sabbin ganye, shi ne ya rikiɗe ya zama karan furen. Tunda ya zama fure, babu sauran wurin da sabon ganye zai fito. Shi ya sa ba ki ga sabon ganye ba, kuma ba za ki gani ba, ko taki nawa aka zuba. Yadda ayaba take yi ke nan: uwa ta yi nono sau ɗaya ta gama aikinta, 'ya'yan da suka fito a gindinta su gaje ta. Sai dai ita Guzmaniya ba ta mutuwa farat ɗaya. Takan ɗauki watanni, wani lokaci shekara guda ko fiye, tana tsufa a hankali tana tura abincin da ke ganyenta zuwa ga 'ya'yan.

Abin nan ja ma da muke ce wa fure, ganye ne da ya rine. Furannin ainihi ƙanana ne, farare ko masu ɗan rawaya, suna leƙowa daga tsakanin jajayen ganyen su bushe cikin ɗan lokaci, mutane da yawa ba sa ma lura da su. Wata uku zuwa huɗu da jan ya yi miki daidai ne, bai gaza ba.

Abin da ya kamata ki tabbatar shi ne tsufa ne kawai ke damunta, ko ruɓa ta shiga. Biyun suna kama a ido amma ba ɗaya ba ne. Tsufa daga sama da waje yake farawa: furen ya dusashe, ganyen waje su bushe daga baki, su yi ƙamas, gindi kuwa yana nan da ƙarfinsa. Ruɓa daga ciki da ƙasa take farawa. Ki sunkuya ki shinshina ƙoƙon. Ɗan warin ruwan da ya kwana ba komai ba ne, amma wari mai ɗoyi alama ce. Sannan ki kama ganye ɗaya na can ciki ki ɗan ja shi a hankali. In ya zare cikin sauƙi, gindinsa baƙi ko ruwan ƙasa yana yauƙi, to zuciyar ta ruɓe. Daga nan ki matsa gindin shukar da yatsu biyu daidai inda ya haɗu da ƙasa. Mai lafiya tauri gare shi, mai ruɓa lugub yake, har ya yi ruwa.

In duk lafiya lau, ki yanke karan furen. Ki samu almakashi mai kaifi ko wuƙa, ki goge da sifirit, ki zubar da ruwan ƙoƙon, ki sa hannu can ciki ki yanke karan ƙasa-ƙasa gwargwadon inda kika iya kaiwa ba tare da kin tsaga ganyen da ke kewaye ba. Barinsa ba ya kashe ta, amma yana ruɓewa a cikin ruwan ƙoƙon, kuma in ya fara ƙulla iri ƙarfin da ya kamata ya tafi ga 'ya'ya can zai tafi. Ganyen uwar kuwa, wanda duk yake da sauran kore ki bar shi, shi ke ciyar da 'ya'yan. Wanda ya bushe ƙurmus kaɗai za ki cire, shi ma da almakashi, kada ki fizga, don wani ɗan yakan ɓuya a hammatar ganyen.

Takin nan na 15-15-15 ki tsince shi yau. Ƙwayoyin da suka rage a saman ƙasa ki kwashe da cokali, ki kai tukunyar waje ki kwarara mata ruwa mai yawa, kamar cikin tukunyar sau uku, ya bi ta ƙasa ya fita. In ko ƙwaya ɗaya ta faɗa cikin ƙoƙon, ki juye ruwan ki ɗauraye sau biyu. Taki mai ƙwaya an yi shi ne don masara da dawa. Saiwar wannan shukar siririya ce, babban aikinta riƙe reshe ne ba tsotsar taki ba, gishirin takin ƙona ta yake yi.

Malamin Gona

Bayanin Malam Mai Lambu ya wadatar a kan tsufan. Ni tambayoyi biyu zan ƙara, Hajiya, domin ruwa sau biyu a mako a ɗakin da ke da esi ya yi yawa ga ƙasar. Tukunyar tana da huda a ƙasa? Kuma tukunya ɗaya ce, ko 'yar roba ce aka zura a cikin wata ta ado? Masu sayarwa sun saba zura ta roba a cikin ta tangaran marar huda, ruwa ya taru a ƙasa ba a gani, saiwa ta kwana a ciki. Ki ɗaga ki duba.

Na biyu, wace irin ƙasa ce a ciki? In baƙa ce marar nauyi mai zare-zare, wadda ta zo da ita daga gidan rainon shuka, da sauƙi. In kuwa an sauya mata da ƙasar lambu ko jar ƙasa da takin shanu, to saiwar ba ta samun iska, kuma 'ya'yan ne za su fara ruɓewa kafin uwar. Ki kuma auna mana tsawon 'ya'yan da na uwar da abin awo, daga saman ƙasa zuwa bakin ganye mafi tsawo.

Uwargida, Kaduna

Allah ya saka da alheri. Na duba yadda kuka ce. Babu ɗoyi, ganyen ciki bai zare ba, gindin kuma da tauri. Amma lallai tukunya biyu ce, ta wajen ba ta da huda, kuma akwai ruwa kwance a ƙasanta kamar kaurin yatsa biyu, na zubar. Ƙasar baƙa ce mai zare-zare, a jiƙe take sharaf. Uwar santimita 36 ce, babban ɗan 7, ƙaramin bai kai 4 ba. Na yanke furen, na tsince takin. Yanzu in raba 'ya'yan a tukwanensu tun kafin uwar ta ƙarasa?

Hajiya Mai Furanni, Abuja

A'a 'yar'uwa, ba yanzu ba. Gaggawar raba 'ya'ya ita ta fi kashe su. Ƙa'idar ita ce ɗa ya kai sulusin uwarsa zuwa rabinta. Tunda uwar santimita 36 ce, ki jira ya kai 12 aƙalla, in ya kai 15 zuwa 18 ya fi. Ban da tsawo, ki duba abu biyu: ganyensa sun buɗe sun yi nasu ɗan ƙoƙon da zai riƙe ruwa, gindinsa kuma ya yi ƙwari ya fara canza launi daga fari zuwa kore ko ruwan ƙasa. Ɗan da yake siriri kamar tsinke, a dunƙule, har yanzu a jikin uwa yake ci. Daga santimita 7 zuwa 15 zai iya cin wata uku zuwa shida, gwargwadon haske da zafi.

Lokacin shekara ma yana da nasa. A Kaduna kada ki raba a tsakiyar hunturu, iska a bushe take, ɗan da ba shi da saiwa sai ya yanƙwane kafin ya kama. Watan Maris da Afrilu kuma zafi ya yi yawa. Farkon damina, Mayu zuwa Yuli, shi ne daidai. In sun kai girman kafin lokacin, ba abin da zai same su don sun ƙara wata biyu a jikin uwa, ƙarfi ma za su ƙara.

Ranar rabawa ki fitar da shukar gaba ɗaya daga tukunya, ki kakkaɓe ƙasar gefen da ɗan yake har ki ga mahaɗarsa da uwar. Sau da yawa akwai tsohon ganye da ya rufe wurin, ki tsaga shi gida biyu a tsaye ki ɓare kowane ɓari gefe. Ki goge wuƙa mai kaifi da sifirit, ki ɗan tura ɗan waje da babban yatsa, ki zura wuƙar tsakaninsu ki yanka ƙasa, kina jingina wuƙar da jikin uwa ba da jikin ɗa ba. Wannan shi ne wurin da ake kuskure. In wuƙar ta ci gindin ɗan, ganyensa za su warwatse ɗaya-ɗaya a hannunki, kuma ba ya sake haɗuwa. Gara ki ɗebo ɗan naman uwar tare da shi. In ya zo da saiwa biyu ko uku madalla, in bai zo da ita ba babu laifi, zai yi tasa.

Ki barbaɗa garin gawayi ko garin kirfa a wurin yankan, ki ajiye ɗan a inuwa inda iska ke wucewa, kwana ɗaya zuwa biyu, ciwon ya kame. Dasa shi da ɗanyen yanka a jiƙaƙƙiyar ƙasa gayyatar ruɓa ce.

Tukunya ƙarama za ki nema, mai faɗin baki santimita 10 zuwa 12, da huda uku ko huɗu a ƙasa. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da saiwar ba za ta iya shanyewa ba. Ta yumɓu ta fi ta roba, tana numfashi, kuma nauyinta yana hana shukar kifewa. Abin da za ki cika ta da shi ba ƙasa ba ce kamar yadda aka saba. Ga haɗin da kayansa ke samuwa a kasuwanninmu:

kashi 2 na ɓawon kwakwa mai zare, a daddatsa shi kamar girman ƙwayar gyaɗa zuwa gurjiya;
kashi 1 na gawayin itace, a farfasa shi daidai wannan girman, a tankaɗe garin a zubar;
kashi 1 na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, a wanke, ko buntun shinkafa da aka babbaka;
kashi 1 na ruɓaɓɓen ganyen itace da ya zama baƙi, ko tsohuwar ƙasar da ta zo da ita in ba ta yi wari ba.

Ɓawon kwakwar sai an jiƙa shi kwana biyu zuwa uku ana sauya ruwan kullum, saboda yana ɗauke da gishiri, musamman wanda ya fito daga bakin teku. Toka kada ta shiga, kanwar da ke cikinta ba ta yi wa shukar daɗi, ita ƙasa mai ɗan tsami take so. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: ki zuba kofin ruwa a kai, in bai fara fita ta ƙasa cikin 'yan daƙiƙu ba, ki ƙara gawayi da yashi.

Zurfin dasawa santimita 1 zuwa 2 ne kawai, iyakar ƙwaƙƙwaran gindin. In ƙasa ta hau kan ganye, nan ruɓa za ta fara. Tunda ba zai tsaya da kansa ba, ki kafa tsinken tsire uku a kewayensa ko ki tokare shi da 'yan duwatsu. Kada ya riƙa motsi, sabuwar saiwa tana karyewa da ƙaramin girgiza. Ki zuba ruwa kaɗan a ƙoƙonsa, ƙasar kuwa danshi kawai. Bayan mako huɗu zuwa takwas ki ɗan taɓa shi, in kin ji ya riƙe, ya kama, sai ki cire tsinkayen.

Uwar kuma kada ki jefar in da sauran kore a jikinta. Ki mayar da ita tukunyarta, sau da yawa cire 'ya'yan fari yakan sa ta sake fitar da wasu. In kuma ba kya son wahalar rabawa, ki bar su duka a wuri ɗaya, ki riƙa rage ganyen uwar yayin da suke bushewa, daga ƙarshe ki yanke kututturenta. Za su girma a cunkushe, furensu ba zai kai na wanda ke shi kaɗai girma ba, amma tukunya mai fure biyu ma tana da kyanta.

Malamin Gona

Tunda saiwar ta daɗe a ruwa, Hajiya, ki daina zuba wa ƙasar komai har sai kin zura yatsa zuwa gaɓa ta farko kin ji a bushe. A ɗaki mai esi hakan zai iya kai kwana goma ko fiye. Ba a yi mata lissafin kwanaki, da yatsa ake aunawa. Tukunyar adon in kina son ta, ki sa tsakuwa a ƙasanta ta ɗaga ta robar, kuma duk ranar ban ruwa ki fitar da ta ciki, ta tsane sannan ki mayar.

Ruwan da ta fi dogara da shi na ƙoƙon ne. A gindin ganyenta ta ciki akwai wasu mitsitsin ɓawo da ido ba ya rarrabewa, ta nan take shan ruwa da abinci. A dajinsu ruwan sama ne ke cika ƙoƙon, busasshen ganye da ƙura da kashin tsuntsu su faɗa ciki su narke, shi ne takinta. Wannan ya sa ruwan burtsatse ke cutar da ita in mai gartsi ne. Ruwan yana ƙafewa, gishirin da farar ƙasar da ke cikinsa suna zama, har ki ga farin zobe a cikin ƙoƙon, bakin ganye kuma ya ƙone. In butar shayinku tana yin farin dasashi a ciki, ruwanku yana da wannan matsalar. Ruwan sama shi ne na ɗaya. Ki tara a jarka mai murfi da damina, ki bar na farkon da ya wanke rufi ya zube. Shuka ɗaya ba ta cin lita ɗaya a mako, don haka jarka mai lita 25 za ta kai ki nesa cikin rani. In ruwan famfo ne, ki bar shi a buɗe ya kwana.

Ki cika ƙoƙon rubu'i zuwa rabi, ba maƙil ba. Sau ɗaya a mako ki karkata tukunyar ki zubar da tsohon ruwan gaba ɗaya, ki ɗauraye, ki zuba sabo. Wannan ba don shukar kaɗai ba ne. Sauro mai zanen fari da baƙi a ƙafa, wanda ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi, a irin waɗannan ƙananan ruwaye yake ƙwai, kuma a zafinmu daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana bakwai zuwa goma ba. Sauyin mako-mako yana katse shi. Kada a ɗiga kananzir ko mai ko maganin sauro a ƙoƙon, shukar za a kashe.

Sai hunturu. Guzmaniya tana son zafi tsakanin digiri 16 zuwa 27 da iska mai laima, kashi 50 cikin 100 ko sama. A Disamba da Janairu laimar iskarmu takan faɗi ƙasa da kashi 20, esi kuma yana ƙara busar da ita. Ki kawar da tukunyar daga inda iskar esi ke bugawa kai tsaye. Ki samu faranti mai faɗi ki zuba tsakuwa da ruwa, ki ɗora tukunyar a kan tsakuwar yadda gindinta ba zai taɓa ruwan ba, ki kuma jera ta kusa da sauran shuke-shuke. Feshin ruwa a ganye da safe yana taimakawa, da dare kuwa a'a. Ƙurar hunturu ki goge ta da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, ba tare da man goge ganye ba. A daren da sanyi ya tsananta, musamman masu zama a Jos, a rage ruwan ƙoƙon ya zama ɗan kaɗan, domin sanyi da ruwa kwance da ƙarancin haske su ne ke haɗuwa su ruɓar da zuciya.

Tagar yamma ba ita ce ta fi ba. Ranar la'asar tana da zafi, in ta taɓa ganyen za ki ga fararen tabo kamar an zuba tafasasshen ruwa. Taku uku daga taga kuma, in da labule mai kauri, duhu ya yi wa 'ya'yan yawa, za su yi tsawo siriri ba ƙwari. Tagar gabas da labule shara-shara, ko baranda mai rufi da rana ba ta shiga, nan ne wurinta.

Ɗan Nasare, Kano

Ina da gyara ɗaya da ƙari biyu, da izinin manya.

Gyaran a kan ƙoƙon uwar ne. Bayan an yanke karan fure akwai guntun da ke saura a ciki, kuma in ana cika masa ruwa ruɓewa yake yi ya yi wari. A ganina Hajiya ta bar tsakiyar uwar a bushe kwana uku ko huɗu bayan yankan, daga nan ta riƙa zuba ɗan kaɗan, mafi yawan ruwan kuwa ya tafi hammatar ganyen ƙasa da ƙoƙon 'ya'yan da zarar sun buɗe. Uwar ba ta da wani abu a tsakiya da za a raya.

Ƙari na farko, jan ƙarfe guba ne ga duk dangin abarba na ado. Maganin fumfuna mai launin shuɗi ko kore da ake fesa wa tumatir da koko yawanci da jan ƙarfe ake yin sa, kada ya kusance ta. A karanta jikin kwalin kafin a fesa komai. Saboda wannan ne ma ba na ba da shawarar ruwan da ke ɗiga daga esi, duk da ba shi da gishiri kuma mutane suna yaba shi: ta kan bututun jan ƙarfe yake tsatsafowa. A zuba shi ga wasu shuke-shuken, ban da ƙoƙon wannan.

Na biyu, ƙwari. Uwa mai tsufa tana jawo wani farin ƙwaro mai kama da ɓarɓashin auduga, yana ɓuya can cikin hammatar ganye, daidai inda 'ya'ya ke fitowa. Akwai kuma wani mai ɗan ƙoƙo ruwan ƙasa da ke mannewa a bayan ganye kamar tabo, in an kankare da farce ya fita. In kin ga tururuwa na hawa da sauka, ki bincika, zaƙin da ƙwarin ke fitarwa suke bi. Auduga a tsinke, a tsoma a sifirit, a shafe su ɗaya-ɗaya, a maimaita duk mako har sau uku. Man darbejiya da ake yawan ba da shawararsa yana aiki a wasu shuke-shuke, amma a nan yana toshe ƙofofin da ganyen ke shan ruwa da su. In sun yi yawa, ruwan sabulu marar ƙarfi, cokalin shayi ɗaya a lita ɗaya, a fesa, bayan rabin awa a ɗauraye tas a juye ƙoƙon.

Mai Lambu, Zariya

Gyaran Ɗan Nasare ya yi, na karɓa. Saura taki da maganar sake fure, don na san ita ce tambayar da za ta biyo.

'Ya'yan suna son taki, amma ɗan mitsitsi. Mai narkewa a ruwa za ki nema, irin 20-20-20, ki yi rubu'in abin da aka rubuta a jikin leda, wato wajen giram 1 a lita 3 zuwa 4 na ruwa. Sau ɗaya a wata, daga Mayu zuwa Oktoba, ki fesa a ganye ki ɗan jiƙa ƙasar. Abin da ya gangara ƙoƙo ki juye shi washegari. Da hunturu a dakata. Yuriya da kashin kaji ba nata ba ne. Taki in ya yi yawa ganye ne zai yi tsawo ya yi laushi, furen kuma ya yi jinkiri.

Ɗan da aka raba yakan yi shekara biyu zuwa uku kafin ya isa fure a cikin gida. Wadda kika saya ma ba da kanta ta yi ba, gidajen rainon shuka suna sa musu iskar etilin, wato iskar da ke nunar da 'ya'yan itace, ko maganin da ke sakin ta, shi ya sa ake samun su da fure kowane wata na shekara. Manoman abarba ma haka suke yi don gona ta yi 'ya'ya lokaci ɗaya. A gida, tuffa nunanniya tana fitar da wannan iskar. Idan ɗan ya kai kusan girman uwarsa, ƙoƙonsa ya yi faɗi, ki juye ruwan ƙoƙon tas, ki sa tukunyar cikin babbar leda mai haske marar huda tare da tuffa ɗaya ko biyu, ki ɗaure bakin. Ki ajiye a inuwa, don leda a rana dafa shukar za ta yi. Bayan kwana 7 zuwa 10 ki buɗe, ki fitar, ki mayar da ruwan ƙoƙon. Ba nan take za ki ga komai ba. Cikin wata biyu zuwa uku tsakiyar za ta fara yin ja, karan ya biyo baya. In ba ta amsa ba, ba ta isa ba ne, ki ba ta wata shida ki sake.

Kada ki matsa wa ƙarami. Zai iya amsawa, amma ɗan guntun fure zai yi, kuma tunda sau ɗaya ne, shi ke nan an kashe damar. Sinadarin kabayid da wasu ke nunar da ayaba da mangwaro da shi kuwa kada ya shigo gida don wannan aikin, yana fitar da iska mai kamawa da wuta in ya taɓa ruwa, yana kuma ƙona zuciyar shukar in an ɗan zarce. Sannan kwandon kayan marmari kada ya zauna kusa da 'ya'yan, ko kusa da wadda ke cikin fure, domin iskar da ke sa ta fure ita ce kuma ke saurin tsufar da shi.

Uwargida, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na mayar da ita tagar gabas, na sa farantin tsakuwa. Ruwan sama babu a ajiye yanzu, ko ruwan leda zai yi kafin damina?

Malamin Gona

Zai yi, Hajiya, in kin gwada shi. Ki ɗiga kaɗan a kan gilashi mai tsabta ko baƙin faranti, ki ɗiga na burtsatsen a gefensa, ki bar su su bushe. Wanda ya bar farin tabo kaɗan shi za ki ɗauka. Leda ɗaya ta ishi ƙoƙon uwa da na 'ya'yan a mako, kuma kada ya zama mai sanyi daga firji.